Jinin Tela Ya Fi na Ƙanensa

Tun suna yara tsohon tela bai taɓa wuce ƙanensa a komai ba. Ƙanen ya fi shi tsawo, ya riga shi gina gida, har furfura shi ya fara yi. Da ƙafafun tela suka kumbura, 'yarsa ta kai shi asibiti a gwada jininsa. Ƙanen ya bi su, ya ce shi ma sai an ɗebi nasa.

Da sakamako ya fito, likita ta zaunar da su.

"Baba," ta ce wa tela, "idan zuciya ta gaji, akwai sinadarin da take zubawa cikin jini. Naka ya hau sosai. Ƙoda ce ke tace shi, taka kuwa ta yi rauni, sai ya taru."

"Na wancan fa?" Ya nuna ƙanensa da haɓa.

"Nasa ƙalau yake. Naka ya ninka nasa nesa ba kusa ba."

Tela ya gyara zama, ya nemi a maimaita da ƙarfi, wai ƙanensa ba ya ji sosai.

"Baba, ba abin murna ba ne fa," in ji 'yar.

"Ke dai yi shiru. Ba ki san abin da na sha ba."

Ƙanen ya miƙa hannun dama. "Likita, a gwada wannan. Na hagu kuka ɗiba, ba da shi nake aiki ba."

A gida tela ya ƙi shan magani, tunda an ce zai sauke lambar sinadarin da ke jininsa. Duk wanda ya zo dubiya sai ya sha labari, ko da numfashi na yanke masa a tsakiyar fahariya. Ƙanen kuwa ya dinga hawa da sauka a matakala ko zuciyarsa za ta gaji, sai ƙara lafiya yake yi, abin ya dame shi.

Wata safiya ƙanen ya ɗauki ƙwayar maganin tela ɗaya daga kan keken ɗinki, ya juya ta.

"Yaya, wannan ai ni ba zan iya haɗiye ta ba."

Tela ya fizge ta ya haɗiye ba ruwa, idonsa cikin na ƙanen. Daga ranar ba ya shan magani sai ƙanen na zaune yana kallo, don haka kullum 'yar ke zuwa ɗauko kawunta.

Kumburi ya saɓe. Da suka koma asibiti, likita ta ce lambar ta sauka.

"Amma ina gabansa har yanzu?"

"Kaɗan."

"To a tsaya nan."

Likita ta rage masa gishiri, ta ƙara masa ƙwaya babba.