Kusurwar da Aka Yanke

Sana'ata gyaran tsofaffin takardu, a ɗan shagona da ke kasuwar Bhendi Bazaar. Ban yi nisa a karatu ba, amma hannuna ya san takarda. Yawancin aikina na Batliwala Sahib ne, wani dattijo mai tara takardun sojan ruwa na zamanin yaƙin duniya, musamman masu sa hannun kwamandoji.

Da ya ji kakana ya yi aiki a jirgin yaƙi, sai ya nemi aron takardar sallamarsa don baje kolin da yake shiryawa. Dadi, kakata, ta ciro ta daga ƙasan akwati. Kusurwa ɗaya ta sama babu.

Da Batliwala Sahib ya gani, ya ce, "Cike min nan, Mudassar. Ba na sa gurguwar takarda a gilashi."

Kwana biyu ina kanta. Na rina guntuwar takarda da ruwan shayi, na liƙa. Ni kaina sai na ɗaga ta ga haske nake gane wurin.

Ranar da zai karɓa, Dadi ta biyo ni shago tana dogara sanda. Ta shafa kusurwar da yatsa.

"Aikin wa ke nan?"

"Nawa ne, Dadi. Na zaci ɓera ne ya ci."

"Ɓera mai almakashi? Turawa ne. Duk wanda suka kora da wulaƙanci, sai sun yanke masa kusurwa don kada kowa ya ɗauke shi aiki. Kakanka ya ƙi sara musu, ya sauke tutarsu. Shekara uku yana yawo da takardar nan, bai taɓa liƙe ta ba."

Na dubi Batliwala Sahib, wanda ke tsaye yana jiran takardar. Ashe ya sani.

Ya ce, "Baiwar Allah, rufin asiri muka yi masa. Ni sa hannun kwamandan nake so a gani."

"Na wanda ya kore shi? Je ka wajen jikokinsa mana."

"In babu kusurwa, ba ta shiga gilashina."

"Wa ya roƙe ka?"

Na jiƙa auduga na ɗora a wurin. Na jira ta sha, sannan na ɓanɓare liƙin a hankali.

"Ka yi haƙuri, Sahib," na ce.

Ya ɗauki lemarsa ya fita. Dadi ta sa na buga ƙusa a bangon shago, daidai inda mai shigowa zai fara gani, muka rataye takardar a can.