Shanyar Inuwa

Ranar da Kumatu ta fara rarrafe, uwarta na tsugune a bakin famfo tana wanke-wanke. Ta aje ta a kan tabarma da murfin tukunya a hannu, ta juya baya bai fi minti biyar ba, tana waigowa sai ta ga tabarma wayam. Ta miƙe zumbur. Can sai ta hango 'yan ƙafafu suna shigewa ƙaramin ɗakin nan na ƙarshen baranda, wanda sakatarsa ta lalace tun kafin su tare a gidan.

Ta same ta zaune ɗare-ɗare a tsakiyar ganyen babanta, hannu biyu cike, ɗaya ya kusa kai baki. Ta sure ta, ta zura yatsa ta kwakule bakin, ba komai, sannan dariya ta ƙwace mata. Wata bakwai da kwana tara fa! 'Yar matar tela ta ƙasan bene sai da ta yi wata goma tana zaune kamar an dasa ta.

Ganyen nan kuwa ba na miya ba ne. Baban Kumatu a kantin magani yake aiki, yana kuma karatun digiri na biyu a kan haɗa magunguna, shekara ta uku ke nan. Ita dai abin da ta sani, ya ci jarrabawoyinsa, ya tsaya gaban malamai sau biyu da rigar da ta goge masa, saura aikin ganye. Sabon toho ne na wata bishiya, sai farkon damina ake samunsa, sati uku kawai ya ƙosa ya tashi daga aiki. Kwana biyu ya yi a hanya ya ɗebo buhu uku, ya baza a kan jaridu, ya saki labule, safe da yamma yana juyawa. Bara ma haka ya yi, ganyen ya yi fumfuna, ya kwashe ya zubar, ranar ko abinci bai taɓa ba. Bana duk abin da ya ce da ita shi ne a bar ƙofa a rufe, kar a taɓa.

To ga ƙofa ba sakata, ga yarinya ta samu ƙafa. Ta duba ganyen, kwana biyar yana nan luɓus da danshi. Ta leƙa waje, rana ƙwal kamar ba damina ba. Ta ce a ranta, Allah sarki maza, karatu har wuya amma shanya ta gagare su. Wa ya taɓa jin an busar da abu a ɗaki mai duhu? Ai shi ya sa na bara ya ruɓe.

Ta goya Kumatu, ta yi sawu shida zuwa saman bene inda ake shanyar kaya, ta baza zannuwan gadonta masu kyau, ta danne gefe-gefe da bulo. Ta yi ta hawa da sauka tana juyawa, har matar tela ta leƙo tana tambayar ko sana'a aka fara ba a gaya wa maƙwabta ba. Kafin la'asar ganye ya bushe ƙamas, yana ƙaras-ƙaras a hannu. Ya ɗan koma ruwan ƙasa, amma wace shanya ce ba ta sake launi? Ta ɗura a buhu, uku suka koma ɗaya, ta share ɗakin tas.

Sau uku tana ɗaukar waya za ta kira shi tana ajewa. Labari biyu a ciki, so take ta ga fuskarsa.

Yana shigowa ko takalmi bai cire ba ta tare shi. Ta ce ya tsaya nan kar ya motsa, albishirinsa biyu ne, wanne zai fara ji? Ya ce ƙaramin. Ta ja shi zuwa ɗakin ta tura ƙofa, ta nuna buhun tana cewa aikin sati biyu ta gama masa a wuni ɗaya, sai ya san abin da zai saya mata.

Ya tsuguna. Ya kwance bakin buhun, ya ɗebo, ya murza, ya kai hanci. Ya tambaya a ina ya bushe. Ta gaya masa. Ya tambaya tun ƙarfe nawa. Ta gaya masa. Sai ya zauna a ƙasa da kayan aikinsa a jiki, ya jingina da bango.

“Baban Kumatu, lafiya?”

“Abin da nake nema a cikin ganyen, rana ce ke kashe shi.”

Ta ce ai ba ta sani ba, bai taɓa faɗa ba. Ya ce haka ne, bai taɓa ba. Da faɗa ya yi mata, da ta fi jin sauƙi. A hankali ya yi mata bayanin da ya kamata ya yi tun bara: kwamiti ya amince da tsarin aikinsa a rubuce, kuma a rubucen an ce shanyar inuwa. Daga ganyen zai tace ruwan magani, ya gwada, ya rubuta, a buga a mujalla, sannan wani malami ya zo daga wata jami'a ya yi masa tambayoyi. Duk wannan kafin ƙarshen shekarar nan, domin ita ce ta ƙarshe da doka ta ba shi. Toho kuwa ya riga ya ƙosa a kan bishiya.

Ta matso, ta rage murya kamar bango na ji. Ta ce to wa ya gani? Matar tela ce kawai, ita kuwa ko sunanta ba ta iya rubutawa. Ya rubuta inuwa mana. Ya yi ɗan murmushi ya ce na'urar ɗakin gwaji ba ta da kara, ba ta san surukuta ba. In ma na'urar ta yi shiru, sakamakon ƙarya zai buga, wani ya karanta ya ce ganyen ba ya magani, alhali yana yi.

A daidai nan Kumatu ta taho daga baranda, gwiwa da hannu, tana huci kamar mai hawan dutse, ta dafa ƙafarsa. Ya dube ta, ya dubi uwar.

“Shi ne babban albishirin?”

Ta gyaɗa kai. Ya ɗauki yarinyar ya ɗora a cinya, ya ce sannu da ƙoƙari, Hajiya. Iyakar murnar da aka yi wa rarrafen ke nan, labarin da ta wuni tana shirya yadda za ta ba shi har da kwaikwayo.

Washegari ta nace sai ta bi shi makaranta, don ta gaya wa Farfesar da ke duba aikinsa da bakinta cewa laifinta ne. Farfesa mace ce, dattijuwa mai tabarau a kan tsinin hanci. Ta saurare ta har ƙarshe, ta karɓi Kumatu ta yi mata wasa, ta ce 'yata, da ni ce ban sani ba, ni ma rana zan kai shi. Sai ta juya ga ɗalibinta ta ce shekara uku yana ƙarƙashinta yana bayani gaban malamai goma, amma mutum ɗaya da ke kwana gida ɗaya da ganyen bai yi wa ba. Ta ce za ta rubuta wa kwamiti, sai dai kar su sa rai, ƙarin lokaci sau ɗaya ake bayarwa, shi kuma ya cinye nasa a kan fumfunar bara.

Da suka fito ya shiga wani ofis sa hannu, ita ta tsaya gaban allon sanarwa tana haɗa baƙaƙe. Sharuɗɗan kammala digirinsa ne, guda bakwai a jere. Ta bi da yatsa, ta gane huɗu ya riga ya wuce su. Tun da ta bar makaranta a aji uku ba ta taɓa jin ciwon barin ba sai ranar. Ba don ta iya karatun nasa ba, a'a, don dai ta iya buɗe baki ta ce me ya sa.

Amsar kwamiti ta zo bayan sati shida. An cire sunansa. In yana so ya sake nema daga farko, har da kwasa-kwasan da ya riga ya ci.

Bai taɓa goranta mata ba, ko sau ɗaya. Ya kira kafinta aka gyara sakatar, gyaran da ba shi da sauran amfani. Farfesa ta aiko masa da sabon fom, yana saman durowa, ita ke kaɗe masa ƙura duk ranar shara. Buhun ganyen ma yana bayan ƙofa, shi bai ce a zubar ba, ita hannunta ya ƙi zuwa.

Yanzu Kumatu har gudu take yi, tana kiran kowa Baba, har mai kawo ruwa. Shekaranjiya hadari ya haɗu a gabas, na farko a bana. Maman Kumatu ta sauko da fom ɗin ta aje kusa da kofin shayinsa, da biro a kai. Ta ce ta tara jaridu sun kai gwiwa, ta wanke labulen, kuma ta ji an ce in aka sa fanka a ɗakin ba zai yi fumfuna ba, ko ba haka ba ne?

Ya ce haka ne. Ya ɗaga biron ya juya shi a hannu, ya aje, ya ce zai makara a kanti.