Sabon Fada Ya Nemi Miyar Santsi

Rufina, Allah ya ba ta hutawa, tana tsugune gaban bahon kifin ƙawarta Kolomba a kasuwar bakin teku sai wayarta ta yi ƙara. Tekla ce, sabuwar akawun cocinmu, yarinyar da ko makullan ofis ba ta gama ganewa ba.

"Inna, sabon Fada ya kira daga hanya. Zai iso da tsakar rana. Wai a dafa masa miyar miyok."

"Miyar me?"

"Miyok, Inna."

Rufina ta zauna daɓas a kan jiƙaƙƙen siminti.

A wajenmu ba a shan miyar ganyen tekun nan ranar jarrabawa ko ranar neman aiki, saboda santsinta. In aka ce wane ya sha miyar miyok, to ya zame ke nan, an sallame shi. Ga shi a watan nan cocinmu ya zama kamar bishiyar da aka girgiza. Bishop ya ɗauke tsohon Fada Yom, tsohon akawu ya koma ƙauye noman tafarnuwa, mai buga mana piyano ta yi aure a Gwangju. Rufina mai dafa abincin gidan Fada ce kaɗai ta rage. Kuma ana ta raɗe-raɗin cewa sabon, Fada Pyo, yana da goggo wadda za ta biyo shi ta riƙe masa tukunya.

"Kin ji mai ilimi," in ji Kolomba tana goge hannu. "Ba zai ce miki tafi ba, Yaya. Ke zai sa ki dafa korarki da hannunki."

"Rufe min baki, mai ƙarnin kifi! Ina zan je?"

"Incheon mana, gidan ɗanki. Can saman bene kusa da gajimare, inda surukarki ke fesa turare in kin buɗe tulun daddawar wake."

Rufina ba ta yi dariya ba. Ɗakinta na bayan kicin tare da aikin yake. Daga tagarsa take hango tudun da aka binne mijinta, kowace safiya ta gaya masa abin da za ta dafa.

Kolomba ta dube ta, sai ta tafa hannu. "Tashi! In santsi ke korar mutum, ai danƙo ke zaunar da shi. Yau duk abin da zai shiga bakin yaron nan sai ya manne."

Nan fa suka bazama. Suka sayi shinkafa mai danƙo, da wainar tok wadda ke kama haƙori, da alewar yot da ake ba 'yan jarrabawa don su liƙe. Kolomba ta tsoma hannu a baho ta zaro nakji masu rai, kifin nan mai hannu takwas, ɗaya ya naɗe mata a wuyan hannu tana ihu tana dariya. A cikin bas wani ya fito daga bokiti ya kama takalmin wani tsoho. Rufina da ta shigo da hawaye ta sauka tana riƙe ciki.

Da suka isa, Kolomba ta kwashe duk busasshen miyok da ke kicin ta kai akwatin rigunan mawaƙan coci ta danne.

Tsakar rana wata ƙaramar mota ta tsaya a harabar coci, cike da kwalayen littattafai. Fada Pyo ya fito, siriri, da tabarau, kai ka ce ɗan makaranta ne. Matan zumunta suka yi ta rusunawa, shi ma yana rusunawa, har aka rasa mai dainawa. Rufina ta ja shi zuwa tebur. Kolomba ta laɓe a waje jikin taga.

Ya yi addu'a, ya duba kwanuka ɗaya bayan ɗaya. "Inna, dama akwai maganar da nake so mu..."

"Fada, a ci tukuna!" Ta tura masa faranti. Yankakkun hannayen nakji suna ta motsi cikin man riɗi. Ya ɗauki ɗaya, ya manne a tsinken cin abinci. Ya kai baki, ya manne a leɓe. Ya yi ta fama har tabaransa ya zamo.

"Da daɗi," ya ce da ƙyar. "Amma Inna, batun..."

"Ga tok, da ɗuminsa."

Ya tauna, ya tauna. Da ta ga maƙogwaronsa ya motsa alamar zai sake magana, sai ta miƙa masa gutsuren yot da hannu biyu. Wa zai ƙi abin da tsohuwa ta miƙo da hannu biyu? Ya gatsa, haƙoransa na sama da na ƙasa suka ɗaura aure. Sai "mm, mm" kawai yake yi yana nuni da yatsa. Daga taga aka ji wani sauti kamar an taka agwagwa. Tekla da ta shigo da makullai ta juya da gudu, kafaɗunta na rawa.

Amma alewa ba ta dawwama a baki. Ya kurɓi ruwan sha'ir mai ɗumi, ya samu kansa.

"Inna, saƙona bai iso ba ne? Miyar miyok?"

Rufina ta kwance ɗamarar girkinta ta ajiye a kan tebur. "Ya iso, Fada. In sallamata za a yi, a faɗa min da baki. Na tsufa da a yi min magana da miya."

Ya dube ta. Ya dubi nakji, ya dubi tok, ya dubi yot. Sai ya fashe da dariya har ya kifa kai a tebur.

"Wayyo Inna! Ashe liƙe ni ake yi!" Ya cire tabarau ya share ido. Dariyar ta lafa, amma bai daina share idon ba. "Yau ce ranar haihuwata. Mahaifiyata ta rasu da bazarar nan. Duk inda aka tura ni, ranar nan sai ta hau bas da tukunyar miyar miyok a cinya. Da na tashi yau sai na rasa wanda zan roƙa."

Kunya ta rufe Rufina. Ita da ta sha miyar nan kwana da kwanaki bayan ta haihu, ta kuma dafa wa ɗanta ita kowace shekara ranar haihuwarsa, a ce tsoro ya mantar da ita.

"To goggon taka fa?" ta tambaya a hankali.

"Tana so ta zo. Maganar da nake ta son mu yi ke nan. Ban ba ta amsa ba tukuna."

Rufina ta ɗauki ɗamararta ta ɗaura. Ta leƙa taga. "Ke ɓarauniya, je ki ɗauko abin da kika ɓoye."

"Yaya, kin haukace? Bai ba ta amsa ba fa!"

"Na ce ɗauko."

Ta jiƙa ganyen ya kumbura, ta soya shi da man riɗi da ɗan nama, ta zuba ruwa da tafarnuwa. Ƙamshi ya cika gidan. Ta kawo kwano ɗaya ta ajiye gabansa, ta ja da baya.

"Ina naki?" ya ce. "Ban taɓa shanta ni kaɗai ba."

A taga Kolomba na ta kaɗa hannu biyu kamar mai tsayar da bas. Rufina ta dube ta, ta dubi tudun da ke bayanta. Ta ɗebo kwano na biyu ta zauna, ta cika cokali ta kai baki. Ganyen ya sulale mata a maƙogwaro tun kafin ta tauna.

Fada Pyo ya sha nasa tas, ya ɗaga kwanon ya kurɓe sauran romon. Ya daɗe yana kallon cikin kwanon.

"Ta mahaifiyata ba ta kai wannan tafarnuwa ba," ya ce. "Baɗi a ɗan rage, Inna."