Tudun Yashin Tsohuwa

Mijin Inna shi ne mai kula da giwar gidan namun daji har Allah ya karɓi abinsa. Tsohuwa yake ce wa giwar. Maƙwabta kuwa surukar Inna suke kiranta, don kullum ita yake fara gaisarwa da safe.

Da kwana ya ja, Inna ta ce bari ta je ta gaida surukarta. Sai ta tarar an daɓe ɗakin giwar da siminti don sauƙin wanki, an sa mata sarƙa, an kuma kwashe tudun yashin da marigayi ya tara a lungu. Ta sha jin zancen tudun nan a bakinsa. Tsohuwar giwa ba ta kwanciya sai da abin jingina, in ta kwanta a fili ba ta iya tashi. Ga ta nan tsaye tana gyangyaɗi, ƙafafu sun kumbura.

Inna ta samu manaja a ofis. Ya ce, "Na sani, Inna. Za a duba."

Da ta ba maƙwabciyarta mai kitso labari, sai ta ce, "Za a duba ai ƙanin ba za a yi ba ne. Mutanen ofis ba sa jin mai magana a hankali. A fito da tukwane!"

Washegari matan layin suka cika gidan namun daji, kowace da tukunya da ludayi, mai kitso a gaba tana ba da waƙa. Suna fara bugu birai suka ɗauki ihu, jimina ta rasa inda za ta sa kanta. Tsohuwa ta firgita, ta yi ta fizgar sarƙa har ƙafarta ta yi jini.

"Ku tsaya!" in ji Inna. "Garin neman gira za mu rasa ido!"

Suka zauna a gindin bishiya, kunya ta rufe su. Can ƙanwar Inna ta juya tukunyarta tana kallo.

"Yaya, tukunyar nan fa ba don kiɗa aka yi ta ba, don zubi aka yi ta. Ba ga busasshen rafi a bayan katanga ba?"

Suka kalli juna, suka miƙe. Mai kitso ta kwance ɗankwalinta ta ɗaure bakinta tam, wai ba ta yarda da shi ba.

Haka suka jero daga rafi, tukwane cike da yashi a ka, ba mai ko tari. Mai gadi ya ce, "Ikon Allah! Hajiya, ke ce yau shiru?" Mai kitso ta galla masa harara ta wuce. Masu zuwa kallo suka ga abin ya ba su sha'awa, wannan ya ari bokiti, wancan ya cika hularsa. Wani mai baro ya ajiye kayansa ya shigo layi.

Manaja ya fito ya tsaya yana kallo. Ihun ɗazu bai fito da shi ba, shirun nan ne ya fito da shi. Ya cire kwat, ya sa aka kwance sarƙar, sannan ya ce, "Inna, ara mini tukunya."

Kafin rana ta karkata tudu ya tashi. Tsohuwa ta shinshina, ta ɗebi yashi da hanci ta watsa a bayanta, ragowar ya sauka a kan mai kitso. Mata suka toshe baki, dariya na girgiza su. Sai giwar ta jingina, ta sulale a hankali, ta kwanta. Nan take minshari ya tashi.

Inna ta share ido da gefen mayafi, ta ce wa ƙanwarta, "Ji minsharin nan. A wurinta marigayi ya koya, ko ita ta koya a wurinsa?"

Amma ta ƙi tafiya, don ba kwanciyar take tsoro ba, tashin take tsoro. Kowa ya zauna tare da ita. Da yamma Tsohuwa ta motsa, ta dogara da tudun, ta yunƙura ta koma, ta sake yunƙurawa. Sai ga ta tsaye tana kaɗa kunnuwa.

Mai kitso ta zame ɗankwali daga bakinta.

"Yanzu a yi magana?"

Inna ta ce, "Yi, amma a hankali. Surukata yanzu ta tashi."