Sassaƙen Gabas da Yamma

Rashin haƙuri ne ya ci Illo ɗan Ƙasimu majemi, ba Nasara ba, ko da yake a zamaninsu abin ya faru, shekara bakwai da shigarsu Sakkwato.

Gidansu na Ƙofar Kware gidan jima ne tun kaka da kakanni. A bakin gulbi suna da bagaruwa ashirin da uku jere bisa gaɓa, a bayansu kuma fadamar shinkafar gidan. Da 'ya'yan bagaruwar nan ake jeme fata. Ƙa'idar Ƙasimu ita ce ba a kakkaɓe ɗanye, sai ya bushe ya faɗo don kansa. In lalura ta sa a taɓa ɓawo, to tafin hannu daga gabas, tafin hannu daga yamma, a shafe wurin da laka.

Sai ga Baturen kanti yana neman fatar jan akuya, ko nawa aka kai masa ɗauka yake. Bagaruwar da aka tara ta ƙare tun sabuwa ba ta nuna ba. A lokacin kuwa ɓarin jikin Ƙasimu ya shanye, yana kwance a zaure, sai ido da baki. Wata rana da hantsi ya ga Illo da abokin aikinsa Tambari sun koro jakuna uku, mangaloli maƙil da ɗanyen ɓawo jajir.

"Illo, mi kay yi ma iccen ga?"

"Ƙa'idarka munka bi, Baba. Ni gabas da yamma niɗ ɗiba."

"To wanga tuli fa?"

"Tambari na yaɗ ɗebi kudu da arewa. Ai shi ba ka hana mai ba."

Tambari ya sunkuyar da kai yana ƙunshe dariya. Tsoho ya yunƙura zai tashi, hannu ɗaya kaɗai ya amsa masa.

"Kun tuɓe su zagaye? Ku koma ku shafe da laka, ko Allah shi sa wani shi tsira."

"Icce na, Baba, ba mutum ba. Bature ba ya jiran iska ta kaɗo mai 'ya'ya."

Ƙasimu ya aiki matarsa Dijatu gidajen dattawan majema, su zo su tsawata wa yaron. Ta dawo ta zauna a bakin tabarma, ta ce, "Malam, kowane zaure nis shiga, ɓawo na shanye a ƙofa."

Da damina ta faɗi, itatuwan suka yi kore kamar ba a taɓa su ba. Illo ya karyo reshe ya ajiye a gefen ubansa.

"Ga mamacinka, Baba, shina gaishe ka."

Ƙasimu ya daɗe yana kallon ganyen. "Guzurin da ke cikin saiwa suke ci. Bari shi ƙare."

Ya kuwa ƙare. Shekara ta biyu suka bushe a tsaye. A ta uku saiwar da ke riƙe da ƙasa ta ruɓe, gulbi ya kawo, bai tarar da mai tare shi ba.

Da ruwa ya janye, Ƙasimu ya ce a ɗora shi kan jaki a kai shi bakin gulbi. Illo ke riƙe da shi kada ya zame. Suka tsaya inda hanya ta yanke.

"Baba, in mun dasa wasu fa?"

Tsoho ya duba wurin da gaɓar take a da, inda yanzu ruwa ke kwance.

"Bisa mi?"

Bai zagi Illo ba.

Ga abin da Illo ya rasa. Bagaruwa ashirin da uku, ko kututture bai rage ba. Gaɓa mai tsawon taku ɗari ta bi ruwa. Fadamar da ke ciyar da mutum goma sha huɗu, yashi ya binne ta har gwiwa. Kwatarniyar jima tara suna kife a bayan gida. Bature kuwa yana nan a kantinsa, ya koma sayen ɗanyar fata, wadda ba ta buƙatar majemi.