Rantsuwar da Aka Ɗora wa Firoksi

Kwamfuta huɗu aka kawo nadi, wato kulob ɗin ƙauyenmu, yamma da Hasahisa a Sudan, layin intanet kuwa tafiyar kura ta fi shi sauri. Hajj Gado, shugaban kwamitin nadi, ya kira Sa'idu mai gyara daga Madani.

Sa'idu ya ware kwamfuta ɗaya ya ce sunanta firoksi. Kowa ta cikinta zai bi. Shafin da aka taɓa buɗewa tana ajiye shi, gobe ya fito nan take, wanda ba a so kuma ta tare shi.

"Faɗa mini na banzan in toshe, ya Hajj."

"Ina na san sunansu? Ni ɗan iska ne? Rufe duka. Bar farashin auduga, wa'azi, da natijar jarrabawa."

"Imel fa?"

"Can 'yan mata ka lalacewa. Rufe."

Bai tsaya nan ba. Ya ɗauko Alƙur'ani, ya sa Sa'idu ya dafa ya rantse ba zai buɗe wa kowa ba.

Layi ya yi sauri, gaskiya ne.

Shekarar da yaƙin Libiya ya tashi, Kulu matar marigayi ƙanen Gado ta zo nadi ranar Litinin. Ɗanta Jibril yana can. Ya bugo waya ta yanke, abin da ta ji kawai shi ne, "Inna, ku duba imel." Damina ta cinye hanyar Hasahisa, ba motar da ke fita. Sa'idu ma ruwan ne ya tsare shi a ƙauye.

"Yaya, ka ce ya buɗe," in ji ta.

"Ya rantse. Sai ya yi kaffara."

Sa'idu ya ce, "Hajj, in buɗe yanzu, in yi azumin daga baya. Malamai sun halatta."

"Ba a gabana ba. Alƙur'ani ba wasa ba ne."

Sa'idu ba shi da abin ciyar da mutum goma, sai ya ɗauki azumin kwana uku. Kulu tana zuwa kullum ta zauna bakin ƙofa.

Ranar Juma'a ya buɗe. Saƙo ɗaya ne. Jibril yana Kufra, a kudancin Libiya. Motar ƙarshe ta zuwa Sudan za ta tashi Laraba, direban ya ce Bahaushe sai ya nuna jinsiyya, takardar zama ɗan Sudan, ta Jibril kuma ta ɓace. A aiko hoton ta mahaifinsa. Larabar kuwa ta wuce da kwana biyu.

Suka aika a ranar. Suka sake aikawa Asabar. Har aka gama tsinkar auduga amsa ba ta zo ba.