Katifar Khala Hikima

"Ba zan sauka ba," in ji Khala Hikima, ta riƙe ƙofar motar gam. "Ku shiga ku gani, ku zo ku ba ni labari."

Gida na uku ke nan a ranar. Jawahir, 'yar ƙanwarta, ta kifa goshi a kan sitiyari. Ni ina baya. Shekara ashirin muna maƙwabtaka da Khala a unguwar Sa'alaba, shi ya sa aka ɗauko ni in taya lallashi.

Kwana huɗu ya rage a yanke wutar layinmu. An riga an fesa jan fenti a bangaye, rusau na tafe. Jawahir ta samu wuri a hawa na huɗu, babu asansir, injin hawa bene, sai matakala. Ƙafafun Khala sun ƙi, hankalinta kuma ya fara yawo. Sau biyu ana tsinto ta a bakin titi tana neman mijinta da ya rasu tun kafin a haifi Jawahir. Ni ma sunana ya ɓace mata, "mai faɗin goshi" take ce mini.

A gidan tsofaffi na farko, mai tayil sai ƙyalli, ta tambayi ma'aikaciya ƙarfe nawa jirgi zai tashi. A na biyu ta ɗanɗana miya, ta ce a gaishe da mai girkin, Allah ya shirya ta da gishiri. Wannan na ukun ribaɗi ne, tsohon gidan wakafi na matan da ba su da kowa, jikinsa manne da wani ƙaramin masallaci.

"Khala, don Allah, minti biyar bas, ba ƙari," Jawahir ta ce. "Na yi wa Ummi alkawari ba zan bar ki inda ba kya so ba. To ki so wani wuri mana!"

"Uwarki ma haka take da surutu."

Sai ga mai kula da gidan, Ummu Sa'ud, ta fito da waya a kunne, mayafi ya karkace. Ta leƙo ta taga.

"Ma'alesh, ku yi haƙuri ku dawo gobe. Mun yi rasuwa da safe. Takardu sun fito, motar maƙabarta na zuwa bayan la'asar, mai mana wanka kuma tana kwance asibiti. Uku na kira, babu wadda ta ɗauka."

"Danginta fa?" na tambaya.

"Mu ne danginta."

Ƙofar mota ta buɗe. Khala ta sa ƙafa a ƙasa.

"Akwai magarya?"

Ummu Sa'ud ta dube ta sama da ƙasa. "Sidir? Akwai, ya Hajja."

"Kafur fa? To a ɗora ruwa. Kada ya yi zafi, ba kaza za mu fige ba. Yalla, maza!"

Duk Sa'alaba an san shekara arba'in ta yi tana wankan gawar mata fisabilillahi. Amma shekara shida rabonta da shi, kuma jiya jiya na ga shayi yana zuba daga finjalin da ke hannunta. Jawahir ta kamo hannuna.

"Za ta kunyata mu a kan gawar mutane."

"Bi ta dai," na ce.

A ɗakin wankan masallacin Khala ta naɗe hannun riga, ta juyo ta dube ni ido cikin ido.

"Mariyamu, riƙe mayafin nan ta sama. Idonki a bango."

Na karɓi mayafin. Shekara biyu ban ji sunana a bakinta ba.

Rawar hannun nan ta Khala ta tafi, ban san inda ta shiga ba. Ta yi wa marigayiyar alwala gaɓa gaɓa. Ta fara da dama, ta koma hagu, sau uku, kafur a ruwan ƙarshe. Kafin ta taɓa ko'ina sai ta sunkuya ta faɗa mata: "Sannu, 'yar'uwa, zan ɗaga kanki." Ta raba furfurar gida uku, ta kitse, ta kwantar a baya. Ta karɓi likkafani ta auna da kamu, ta yaga daidai, ko zare bai yi saura ba. Tsofaffin gidan sun cika ƙofa, babu mai tari. Jawahir tana zuba ruwa, hawaye na bin haɓarta.

Da aka fita da gawar, Khala ta zauna a dakalin tsakar gida tana haki.

"Ku nawa ne a gidan nan?"

"Sha tara yanzu," in ji Ummu Sa'ud.

"Sha tara! Duk kuna layi, kuma babu wadda ta iya wanka? Subhanallah. Jawahir, je ki ɗauko mini katifata."

"Babu ɗaki, ya Hajja, sai na marigayiyar."

"Ai mun saba da ita. Halas, magana ta ƙare."

Kwana goma sha ɗaya ta yi a ribaɗin. Kullum da hantsi sai ta shimfiɗa dogon filo a tabarma, ta tara su tana koya musu, tana zagin wadda ta fara da hagu. Da azahar ta yi, sai hasken hankalinta ya janye, ta koma tambayar ko Malam, mijinta, ya dawo daga kasuwa. Jawahir kullum tana can. Ranar da katafila ta shiga layinmu ma ba ta je kallo ba.

Rana ta goma sha biyu, bayan darasi, Khala ta ce a ba ta ruwa. Kafin a kawo, ta jingina kai da bango, shi ke nan.

Da na iso, mai wankan ta warke ta zo da jakarta. Tsofaffin suka tare ƙofa.

"Ki zauna ki duba mu, in mun yi kuskure ki gyara," in ji babbarsu. "Amma tamu ce."

Jawahir ta kasa shiga. Muka zauna a ƙasa a bakin ɗakin, kanta a kafaɗata, muna jin zubar ruwa a hankali. A gabanmu sandunan dogarawa shida na jingine a bango, masu su suna ciki a tsaye.